Yadda ake rubuta kundin digiri ba tare da satar aikin wani ba

Akasarin ɗaliban da ake kamawa da kwafar aikin wani ba da niyyar sata suka fara ba. Ɓarnar takan shigo tun lokacin karatu. Ɗalibi yana zaune a laburaren Jami'ar Jos da ke Naraguta ko a ɗakinsa a Unguwar Rogo, ya ci karo da sakin layi mai daɗi a wata maƙala, ya kwafe ya liƙa a fayil da nufin zai gyara daga baya. Wata huɗu suka wuce, sufabaiza ya ce a kawo babi na biyu ran Litinin, shi kuwa ya manta wane layi ne nasa, wane ne na mai maƙala. Saboda haka gyaran ma a wajen karatu yake farawa, ba a daren miƙa aiki ba.

Ma'aunin da za ka riƙe ɗaya ne. Duk jumlar da ke cikin kundinka, idan malami ya ɗora yatsa a kanta ya ce "daga ina?", ko dai ka ce "tawa ce" da gaskiyarka, ko ka buɗe masa littafin da shafin. Duk matakan da ke tafe hidimar wannan suke yi.

Abin da ake ƙirgawa a matsayin sata

Kwafar rubutu kalma da kalma kowa ya san laifi ne. Waɗanda suka fi kayar da ɗalibai su ne na ɓoye. Idan ka ɗauki ra'ayin wani ka faɗe shi da kalmominka ba ka ambace shi ba, sata ce. Idan ka ambace shi amma ka bar kalmominsa yadda suke ba tare da alamar zancen wani ba, ita ma sata ce, don ka nuna wa mai karatu cewa zubin maganar naka ne. Fassara ba ta wanke komai: wanda ya juya sakin layi daga Turanci ko Larabci zuwa Hausa, ko daga Hausa zuwa Turanci, bai faɗi tushe ba, ya saci tunanin mai shi. Haka jadawali, taswira, hoto, takardar tambayoyin bincike da lambobin manhajar kwamfuta. Miƙa jingar da ka taɓa cin maki da ita a wani kwas a matsayin sabon aiki ma laifi ne, sai da izinin malami. Sayen kundi a shagon kwamfuta a canza bango da sunan ƙaramar hukuma kuwa ba ya buƙatar bayani.

Abin da ba ya neman madogara shi ne sanin kowa: cewa Jos ce hedikwatar Jihar Filato, ko an ƙirƙiri jihar a 1976. Amma da zarar ka kawo adadi, misali yawan mutanen Jos ta Arewa a ƙidayar 2006, dole ka nuna rahoton Hukumar Ƙidaya da ka ɗauko shi. In kana kokwanto, sa madogarar. Ba a rage wa ɗalibi maki don ya faɗi inda ya samo abu.

Kada kuma a ɗauka cewa in an fita da shaidar digiri an tsira. A 2013 Jami'ar Düsseldorf ta Jamus ta ƙwace digirin dakta na ministar ilimin ƙasar, Annette Schavan, a kan kundin da ta rubuta tun 1980, ta kuma sauka daga muƙaminta. Yanzu da jami'o'i ke ɗora kundaye a intanet, tsohon aiki ya fi sauƙin tonowa.

Mataki na farko: tambayi sashenka salon rubuta madogara da yake bi

Kafin ka rubuta layi ɗaya, je ofishin sashe ka nemi takardar ƙa'idar rubuta kundi, ko ka tambayi malamin da ke kula da kundaye. Sassan ilimi, halayyar ɗan Adam da kimiyyar zamantakewa galibi salon APA suke bi, wanda bugunsa na 7 ya fito a ƙarshen 2019. Masu Turanci da adabi sukan bi MLA, bugu na 9 na 2021. Likitanci da harhaɗa magunguna sukan yi Vancouver mai lambobi, injiniyoyi IEEE, 'yan tarihi madogarar ƙasan shafi, ɗaliban shari'a kuma suna da jagorar ƙungiyar malaman shari'a ta Nijeriya. Tambayi har bugun, don tsakanin APA na 6 da na 7 akwai bambanci a fili: na 7 ya daina sa garin da aka buga littafi. Kada ka ɗauki tsohon kundin wani da ke kan kanta ya zama maka jagora. Kurakuransa za ka gada. Misalan da ke ƙasa na APA 7 ne.

Mataki na biyu: rubutun da kake yi lokacin karatu

A nan ake cin nasara ko a faɗi, don haka za mu daɗe a kansa.

Duk abin da ka buɗe don karantawa, kafin ka karanta layin farko, rubuta bayanansa. Na littafi: sunan marubuci, shekara, cikakken suna, bugu na nawa, kamfanin ɗab'i. Na maƙalar mujalla: marubuci, shekara, sunan maƙala, sunan mujalla, juzu'i, fitowa, shafin farko da na ƙarshe, da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙalar a intanet, in akwai. In fotokwafi za ka yi, ka sa a haɗa maka da bango da shafin da ke bayan shafin suna, inda shekara da kamfani suke. Ɗalibai da yawa suna riƙe da shafi goma na littafin da ba su san sunansa ba. In da waya kake ɗauka, hoton farko ya zama na bango, kuma ka tabbata lambar shafi ta fito a kowane hoto.

Sai ka ware wa kowane tushe shafinsa a littafin rubutu ko a fayil, ka raba abin da kake rubutawa gida uku da alama a gefe. Harafin K ga kalmomin marubuci da ka kwafa, a cikin alamar zancen wani, da lambar shafi nan take. Harafin T ga taƙaitawar da ka yi da bakinka, ita ma da shafi. Harafin N ga naka tunanin: tambaya, suka, ko alaƙar da ka gani tsakanin wannan marubuci da wancan. A kwamfuta kana iya amfani da launi, ja ga K, baƙi ga T, shuɗi ga N. Dokar da ba a karyawa ita ce, kada a taɓa liƙa rubutun wani kai tsaye cikin fayil ɗin babi. Fayil ɗin karatu daban, na babi daban.

Amfanin gida na uku ya wuce kare kai. Bitar ayyukan da suka gabata da ba ta da komai sai "wane ya ce, wance ta ce" jeri ne kawai. Abin da ka tara a ƙarƙashin N shi ne zaren da zai ɗinke babin, shi ne kuma abin da ake ba wa maki.

In kana da kwamfuta, sauke Zotero, manhajar adana bayanan tushe da tsara madogara. Kyauta ce, tana aiki ko babu data, tana shiga cikin Word, kuma tana ba da megabait 300 na ajiya a intanet. Mendeley ma tana yin irin aikin. Sai dai abin da ka zuba musu shi suke fitarwa. In sunan marubuci ya shiga a juye, a juye zai fito sau talatin.

Mataki na uku: shigo da maganar wani cikin naka

Hanya uku ce: ɗauko zance yadda yake, sake faɗarsa da bakinka, ko taƙaita shi. Duka ukun suna buƙatar madogara.

Ana ɗauko zance ne idan kalmomin kansu ne hujja: ma'anar da masani ya bayar, sashen doka, baitin waƙa, furucin wanda aka yi hira da shi. In bai kai kalma 40 ba, sa shi cikin alamar zancen wani a cikin sakin layinka, ka bi shi da suna, shekara da shafi. In ya kai 40 ko ya wuce, sauke shi a sabon layi, ka tura shi ciki da rabin inci daga hagu, ba alamar zancen wani, madogarar ta zo bayan aya. In ka tsallake wasu kalmomi a tsakiya, sa ɗigo uku. Kada ka gyara masa nahawu a ɓoye.

Sake faɗa da baki shi ne mai wuya. Ga jumlar gwaji, a ce a wani littafi ka same ta: "Isowar layin dogo Jos a 1914 ta rage kuɗin jigilar kuza ƙwarai, ta kuma jawo dubban 'yan ci-rani daga ƙasar Hausa zuwa filayen haƙa." Ɗalibi mai gaggawa zai rubuta: "Zuwan jirgin ƙasa Jos a 1914 ya sauke farashin ɗaukar kuza sosai, ya kuma janyo dubban baƙi daga ƙasar Hausa zuwa wuraren tono." Wannan an sake wa tuwo suna ne kawai. Ƙashin jumlar na mai littafi ne, kalmomi kawai aka musanya. Wanda ya fahimci abin zai iya cewa: "Marubucin ya danganta yawaitar leburori Hausawa a wuraren haƙar kuza da jirgin ƙasa. A ganinsa, tun da dogo ya iso a 1914 fitar da kuza ya yi araha, aiki ya buɗe, mutane suka yi ta hawowa Filato." Sai madogara ta biyo.

Yadda ake kaiwa ga wannan: karanta sakin layin sau biyu, rufe littafin, faɗi abin da ka fahimta da ƙarfi kamar kana yi wa abokin ɗakinka bayani, rubuta abin da ka faɗa, sannan ka buɗe ka gwada. In ka ga kalma biyar ko shida a jere iri ɗaya da nasa, waɗanda ba sunan hukuma ko keɓaɓɓiyar kalmar fanni ba, sake zubi ko ka sa musu alamar zancen wani. Mai rubutu da Turanci yana da wata dabara a hannu: ya yi wa kansa bayanin da Hausa, ya bar shi ya kwana, washegari ya rubuta Turancinsa daga Hausar ba tare da duba littafin ba. In kuwa ka rufe littafin ka kasa cewa komai, ba ka gane ba tukuna. Koma ka karanta.

Mataki na huɗu: madogara a cikin rubutu

A APA suna da shekara ake sawa, ko a cikin jumla, "Freund (1981) ya nuna cewa…", ko a ƙarshenta cikin baka biyu, (Freund, 1981). Marubuta biyu ana ambatar su duka kowane lokaci. Uku ko fiye, sunan na farko ne kawai da "et al." (wato da sauransu) tun daga ambaton farko. In mutum ɗaya yana da aiki biyu a shekara ɗaya, su zama 2019a da 2019b, a cikin rubutu da kuma a manazarta. In babu shekara, "n.d." ake sawa. In hukuma ce ta wallafa, sunan hukumar ne marubuci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta sakin layi mai jumla takwas daga littafi ɗaya a maƙala madogara ɗaya a ƙarshe. Mai karatu ba zai san inda aron ya fara ba. Buɗe da sunan marubucin, ci gaba da "ya ƙara da cewa", "a ganinsa", kuma in ka koma naka ra'ayin, ka nuna ka koma.

Sai maganar abin da ba ka karanta da idonka ba. Ka ga wata maƙala ta 2018 ta ambaci littafin Plotnicov na 1967 a kan mazauna Jos, kai kuwa ba ka taɓa riƙe shi ba. Kada ka rubuta (Plotnicov, 1967) kamar ka karanta. Nemi littafin in zai samu. In bai samu ba, ka ce Plotnicov ya faɗi kaza kamar yadda mai maƙalar 2018 ya ruwaito, kuma maƙalar ce kaɗai za ta shiga manazarta. Dalilin a fili yake: mai ruwayar yana iya kuskuren fahimta, kai kuma ka ɗauki kuskuren ka jingina wa wanda bai faɗa ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san wannan ƙa'ida da sunan isnadi.

Mataki na biyar: manazarta

Kowane shigarwa tana amsa tambaya huɗu a jere: wa, yaushe, me, a ina. Littafi zai fito haka: Freund, B. (1981). Capital and labour in the Nigerian tin mines. Longman. Sunan littafin a rubutun tafiyar tsutsa (italics), babban baƙi a kalmar farko da sunayen yanka kawai. A maƙala kuwa sunan mujalla da lambar juzu'i ne ke tafiyar tsutsa, sunan maƙalar a miƙe, sai fitowa cikin baka biyu, shafuka, da DOI da ya fara da https://doi.org/. Ana jerawa bisa abacada, layin farko a gefe, sauran a tura su ciki da rabin inci. Ana rubuta sunayen marubuta har 20 kafin a fara tsallake.

Sunayenmu sukan rikita ɗalibi. Ƙa'idar ita ce sunan ƙarshe da marubucin yake sawa a bangon aikinsa, ko da sunan gari ne: Sa'idu Muhammad Gusau zai zama Gusau, S. M., Ibrahim Yaro Yahaya kuma Yahaya, I. Y. Ba a sa Farfesa, Dakta, Alhaji ko Shehi. Word ba koyaushe take jera Ɗ da Ƙ inda ya dace ba, don haka duba da ido ka ga Ɗangambo ya zo bayan masu D.

Akwai tushen da ke buƙatar kulawa ta daban. Alƙur'ani ana nuna sura da aya, Littafi Mai Tsarki littafi, sura da aya, kuma in fassara ka ɗauko, faɗi ta wa. Hadisi, sunan kundin da lambar hadisi. Kundin tsarin mulki na 1999, lambar sashe. Jarida, rana da wata da shekara. Kundin wani ɗalibi ana ambatarsa da sunansa, shekara, irin digirin da jami'ar. Hirar da ka yi da dattijo a Bukuru ko Gangare, sassan tarihi da harsuna sukan so suna, shekaru, sana'a, wuri da rana a jeri na daban. Ka nemi yardarsa kafin ka ɗauki murya, ka kuma tambaye shi ko ya yarda sunansa ya fito. Maɓallin madogara na Google Scholar, shafin neman maƙalolin bincike, yana rage aiki, amma yakan yar da lambar fitowa ko ya ɓata manyan baƙaƙe. Gwada shi da maƙalar kanta.

Mataki na shida: manhajar gano kwafe

Turnitin da ire-irenta ba sa yanke hukunci, kamanni kawai suke ƙirgawa. Kashi 30 na iya fitowa daga manazarta, zantukan da aka sa wa alama da sunayen hukumomi, aikin kuma yana da tsabta. Kashi 8 na iya zama shafi biyu da aka kwashe ɗungurungum daga wuri ɗaya. Don haka kada ka tsaya a lambar. Buɗe rahoton, a cire manazarta da zantukan da ke cikin alama daga lissafi in sashenka ya yarda, sannan ka bi wuraren da aka shafa wa launi ɗaya bayan ɗaya. Fara da tushen da ya fi kowane kaso. Kowane wuri ɗayan uku yake nema: alamar zancen wani, sake zubi, ko madogarar da aka manta. Iyakar kason da ake karɓa ta bambanta daga makaranta zuwa makaranta, ka ji ta daga bakin sashenka.

Hattara da gwaji a shagon kwamfuta. In aka ɗora kundinka a asusun da ke adana aiki a rumbun manhajar, ranar da jami'a ta gwada shi zai yi kama da kansa kusan ɗari bisa ɗari, kuma cire shi sai da wasiƙa daga mai kula da asusun. Ka tabbata an zaɓi rashin adanawa. Ga kuma haɗarin barin fayil ɗinka a kwamfutar da za a iya sayar wa wani shi. Dabarun da ake yaɗawa a WhatsApp, irin su cusa fararen haruffa tsakanin kalmomi ko musanya baƙaƙe da na Rashanci masu kama da su, manhajar tana yi musu tuta ta musamman. Wanda aka kama da wannan ba zai iya cewa mantuwa ce ba.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT suna ƙirƙiro madogarar da babu ita, da sunan marubuci na gaske, mujalla ta gaske, da maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in bogi da manhajar ta ba su. Duk abin da ta ba ka, nemi shi a Google Scholar, AJOL (rumbun mujallun Afirka a intanet) ko doi.org, ka buɗe ka karanta. In bai fito ba, jefar. Tambayi sufabaizanka iyakar abin da ya yarda a yi da ita, kuma in ka yi amfani da ita ka faɗa a babin hanyoyin bincike.

Gaskiyar alƙaluma ma tana cikin wannan. In ka raba takardar tambayoyi 200, 143 suka dawo, rubuta 143. Cike sauran da biro kala uku a ɗaki ƙirƙirar bayanai ne, kuma ya fi kwafe muni. Ajiye takardun, muryoyin da fayil ɗin lissafi har sai an ba ka sakamako.

Kafin a kai wajen ɗauri

Ware yini biyu, buga kundin a takarda. Bi shi daga shafin farko da biro, duk madogarar da ka gani ka nemo ta a manazarta ka yi mata maki. In ka gama, duk abin da ke manazarta bai samu maki ba, cire shi, duk madogarar da ba ta da gida a manazarta, nemo bayananta. Duba ko rubutun suna da shekara sun yi daidai a wuraren biyu. Kowane jadawali da hoto ya samu tushe a ƙarƙashinsa, ko da naka aikin fili ne, ka rubuta haka da shekara.

Riƙa adana babi da kwanan wata a sunan fayil maimakon shafe tsoho da sabo, kana tura wa kanka ta imel duk mako. In aka taɓa zarginka, waɗannan da littafin K, T da N da gyare-gyaren sufabaiza da jan biro su ne shaidarka a gaban kwamiti. Ranar kare kundi ka tafi da littafin a jaka, tare da kwafin tushe biyar ko shida da ka fi dogara da su, shafukan da ka ambata a naɗe a kusurwa.